Kura da Turaren Kajiji

Ga ta nan, ga ta nanku. Wanda ya yi mini surutu, na fasa!

Ta zo mu ji ta, Iya.

Kura ce wari ya dame ta. Duk garken da ta nufa, sai awaki su jiyo warinta su watse. Rannan ta ji labari mata na turara jiki da kajiji, ciyawar nan ta fadama mai saiwa mai ƙamshi. Ta ruga can da gudu, ta hau tumɓuka. A gindin kajijin kuwa matar Kwaɗo ta zuba ƙwanta.

Matar Kwaɗo ta fito a firgice. "Ranki ya daɗe, tsaya! Za ki kashe mini 'ya'ya!"

"Ina ruwana da 'ya'yanki, mai idanu a ka? Ƙamshi nake so!"

"Ai ɗanye ba ya turaruwa. Ga wanda mata suka shanya can a tudu. Ɗan kaɗan ake barbaɗawa a garwashi, a tsuguna a kai."

"Ɗan kaɗan? Wannan sai ku ƙanana!"

Kura ta kwashe shanyar kakaf, ta labta a wutar da makiyaya suka bari, ta tsuguna. Hayaƙi ya turnuƙe, tana ta lumshe ido. Sai wuta ta tashi bal, ta kama gindinta! Wayyo! Ta zabura tana ihu tana jan ƙugu, ba ta ƙara waiwayar fadamar ba.

Ƙwan matar Kwaɗo suka ƙyanƙyashe lafiya a cikin kajiji. Kura kuwa har yau bayanta a ƙasa yake, ga wari ga ƙauri.

Ƙurunƙus kan kusu, ta ƙare. Kowa ya kama gabansa!