Manhajar da Auta ya zaɓa wa injin Gwaggo

Akwai wani matashi, ɗan auta ne a ɗakinsu, har sunan ya bi shi, gida da waje kowa Auta yake ce masa. Mahaifiyarsa tana da shagon surfani, irin wanda ake ɗinka wa makarantu da kamfanoni tambarinsu a jikin riga. Ma'aikata tara ne a shagon. Amma in za a faɗi gaskiya, abu biyu ne suka riƙe shi: wani tsohon inji mai kai shida, da Gwaggo, ƙanwar marigayi mahaifin Auta, wadda ta shekara goma sha takwas tana zaune a gaban injin.

Injin nan ba ya iya haddace zane. Wata tsohuwar kwamfuta ce a gefensa take karanta masa ɗinki bayan ɗinki ta cikin wata waya mai kauri, kamar malami yana yi wa ɗalibi shifta. To, kwamfutar ta tsufa tukuf. Kullum da safe sai Gwaggo ta kunna ta sau uku kafin ta tashi, tana lallashinta: "Haba 'yar tsohuwa, tashi mana. Ni ma da ciwon gwiwa na fito."

A sayi sabuwa mana, za ku ce. An saya. Sai dai manhajar zanen ta ƙi zama a cikin sabuwar sam, kuma kamfanin da ya yi ta ya daɗe da rufewa.

Ana cikin haka Auta ya gama karatun kwamfuta ya dawo gida, kai ya ɗan kumbura. Ya leƙa shagon, ya dubi tsohuwar kwamfutar, ya yi dariya.

"Mama, wannan ai ba matsala ba ce. Akwai manhajar da ke gina kwamfuta a cikin kwamfuta. Kamar a yanka wa tsohuwa ɗaki a cikin sabon gida ne, a jera mata kayanta yadda ta saba. Sai mu kwashe duk abin da ke cikin wannan mu zuba a ɗakin, ba za ta ma san ta yi ƙaura ba."

Mama ta ce, "Irin manhajar guda ɗaya ce?"

"Suna da yawa. Ni zan zaɓa."

"To, zaɓi da kyau. Nan da mako biyu makarantar nan za ta kawo kwat ɗin sababbin ɗalibai. Shekara goma sha biyu muna yi musu, kuma aikinsu shi ne rabin abincin shagon nan. In ya kuɓuce mana, ban san da wane baki zan yi wa mutum tara bayani ba."

Auta ya ce ta kwantar da hankalinta.

Kwana biyu ya yi yana karatu a kan allo, har ya ware manhajoji uku. Ta farko babba ce, bankuna da manyan kamfanoni ke amfani da ita, ga shafinta sai sheƙi yake. Ta biyu matsakaiciya. Ta uku kuwa 'yar ƙarama ce mara kwalliya, shafinta ma ko hoto babu. Auta ya taɓe baki ya wuce ta. Ya ɗauki babbar, don a cewarsa abin da ya riƙe banki ba zai gaza riƙe injin ɗinki ba.

Ya kwashe komai ya zuba a sabuwar kwamfuta, aiki ya yi kyau, ba a raina masa ba. Ita kuwa tsohuwar, tun da aka sauke ta daga kan tebur ba ta sake tashi ba. Sai ka ce jira take a karɓe ta.

Ranar gwaji kowa ya taru. Auta ya zaɓi zanen wani ɗan tauraro, ya danna. Inji ya ɗauka, cikin minti biyu taurari shida suka fito tsaf. Aka yi tafi. Har mai guga ya ce daga yau Injiniya za a riƙa kiransa.

Gwaggo dai ba ta tafa ba. Ta karkata kai gefe guda, ta ce, "Auta, a gwada da tsuntsun."

Tsuntsun shi ne bajon makarantar, wanda ake ɗinkawa a aljihun kwat: shaho ya buɗe fukafukai, ya riƙe littafi, sunan makarantar ya kewaye shi. Ɗinki dubu goma sha huɗu ne a jikinsa, ya fi kowane zane a shagon nauyi.

"Gwaggo, tauraro da tsuntsu ai duk ɗaya ne a wurin kwamfuta."

"A wurin inji ba ɗaya ba ne. Kuma na ji ya ɗan haɗiyi numfashi a tsakiya. Bai saba ba."

Auta ya kwashe da dariya. "Haɗiyar numfashi! Gwaggo, ba a duba kwamfuta da kunne. Ga allo nan, ya ce komai lafiya."

"To, allon ne zai sa kwat ɗin?"

Ma'aikata suka yi dariya, abin ya sosa wa Auta rai. Da yamma ya samu Mama a ɗan ofishinta ya ce, a ganinsa lokaci ya yi da Gwaggo za ta koma gida ta huta, tunda yanzu kowa zai iya danna maɓalli. Ƙofar a buɗe take, Gwaggo ta ji shi sarai. Ta ci gaba da zura zare a allura.

Ranar Laraba da safe aka kawo kwat ɗari da ashirin, kowace an ɗinka ta daidai jikin mai ita. Ana son su ranar Asabar, don Litinin ake buɗe makaranta. Sai aka yi rashin sa'a, ranar Larabar ce likitan ido ya ba Gwaggo ta je ganinsa. Kafin ta fita ta ce, "Kar a taɓa kayan mutane sai na dawo. Mu fara gwadawa a ƙyalle."

Tana juya baya Auta ya sa aka ɗaura kwat shida. So yake ta dawo ta tarar an ci rabin aiki babu ita.

Zagayen farko ya fito lafiya lau. Auta ya ɗauki hoto ya tura wa abokai, ya jawo kujera bakin ƙofa, ya shiga hira a waya. Telan da ke cire kwat ɗin daga inji ya ga kamar akwai 'yar karkata a zagaye na uku. Amma da safen nan Auta ya gwale shi a gaban mutane don ya yi tambaya, sai ya ja bakinsa ya yi shiru, ya ci gaba da ninkewa.

An yi zagaye bakwai, ana cikin na takwas, sai ga Gwaggo ta dawo, ido yana ta hawayen magani. Ko jakarta ba ta ajiye ba. Daga bakin ƙofa ta tsaya cak, ta saurara, ta ɗaga murya: "Kashe! Kashe shi!"

Aka warware kayan da aka ninke. Wayyo! A kwat talatin, fiffiken shahon na dama ya zame ƙasa da faɗin yatsa, haruffan sunan makarantar sun hau kan bakinsa. Duk lokacin da manhajar ta ɗan yi jinkiri wajen miƙa saƙo, sai allura ta ɓace hanya, ta ci gaba da ɗinki a inda bai dace ba.

Mama ta ɗauki ɗaya ta duba, ta ajiye. Ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi, da ya fi wa Auta sauƙi. Ya tsaya, ya rasa inda zai sa idonsa. Kayan ba nasu ba ne, kuma ba abin da za a shiga kasuwa a sayo ba ne.

Gwaggo ta buɗe akwatinta, ta fito da reza biyu da ɗan hantsaki. Ta miƙa masa reza ɗaya.

"Zauna nan kusa da ni. Ta baya ake farawa. Ka yanke zaren ƙasa a hankali, na sama zai fita da kansa. Kar ka ja, in ka ja yadin zai bi ka."

Auta ya zauna yana jiran ta ce ai ta faɗa masa. Har aka tashi ba ta faɗa ba. Labarin likitan ido ma ta riƙa ba shi, wai ya ce ta karanta haruffa a bango, ta ce masa ya kawo allura da zare in yana so ya san ko tana gani.

Kowa ya ajiye aikinsa ya kama farke ɗinki, har mai guga. Kwat ɗaya tana cin fiye da sa'a guda. Auta, da hannunsa bai saba ba, ya tsaga aljihu biyu. Gwaggo ta karɓa ta gyara, amma tabon bai ɓoyu gaba ɗaya ba.

Washegari da sassafe ya riga kowa zuwa. Da Gwaggo ta shigo ya gaishe ta har ƙasa, ya ce, "Gwaggo, don Allah ki zo ki saurara mini."

"Au, yau ana duba kwamfuta da kunne?"

"Ana dubawa, Gwaggo."

Ta yi murmushi ta jawo kujerarta. Aka ɗaura ƙyallaye, aka sa tsuntsun. Babbar manhaja ta yi sau biyu lafiya, a na uku Gwaggo ta ɗaga yatsa tun kafin fiffiken ya zame. Ta biyun ko ganin wayar injin ba ta yi ba. Sai aka zo kan 'yar ƙaramar da Auta ya raina. Sau ɗaya, sau biyu, har sau biyar, shaho yana fitowa da fukafukansa daidai.

Auta ya ce, "Shi ke nan, ta yi."

Gwaggo ta ce, "Sake."

Sai da aka yi sau goma, rana ta take, sannan ta gyaɗa kai. Daga baya ne Auta ya koma ya karanta da idon basira, ya gane an gina babbar ne don ofisoshi masu ɗaruruwan kwamfutoci, inda in an yi jinkirin ƙiftawar ido babu mai lura. Ita kuwa allura tana lura. Manhajar ba ta da laifi, ba aikinta aka ba ta ba.

Daga yammacin Alhamis zuwa Juma'a inji bai huta ba. Duk kwat ɗin da ta fito sai ta bi ta hannun Gwaggo, ta shafa, ta juya, ta ɗaga a haske, kafin a kai wa mai guga.

Ranar Asabar Mama ta miƙa wa Auta makullin mota. "Kai ka ɗinka, kai za ka kai."

Shugabar makarantar mace ce da ba ta da wasa, ko malamanta shakkarta suke. A hanya zuciyar Auta ta yi ta raya masa ya tura kwat biyun nan masu tabo can ƙasan kwali. Da ya isa sai ya ɗora su a sama. Ya gaya mata duk abin da ya faru, bai rage komai ba, ya ce laifinsa ne shi kaɗai.

Ta gyara gilashinta, ta juya aljihun, ta daɗe tana kallo. Fuskarta ta canza.

"Waɗannan biyun ku za ku sake su. Sauran kuma ɗaya bayan ɗaya zan duba. In na ga ta uku irin wannan, ka gaya wa mahaifiyarka mun gama."

Ta jawo kwalin farko. Auta yana tsaye yana kallo. Ta duba ɗaya, ta duba ta biyu, ta ɗauko ta uku, sai ta ɗago kai.

"Wai ita dattijuwar nan da ke zama a gaban inji, tana nan kuwa?"

"Tana nan, ranki ya daɗe. Gwaggona ce. Ita ta duba su duka da hannunta."

Shugabar ta mayar da kwat ɗin, ta rufe kwalin, ta ture shi gefe.

"Shi ne ka bar ni ina ɓata lokacina? Ai da ka faɗa tun farko. Shekara goma sha biyu ban taɓa juya aljihun kayanku ba sai yau, kuma ba don injinku ba ne. Je ka, aikin baɗi naku ne. Amma ka ji ni da kyau: duk ranar da matar nan za ta bar shagon, ku sanar da ni da wuri, in nemi wani wurin."

Auta ya ce to. Ya fito ya shiga mota, ya daɗe bai tayar ba, kunya ta rufe shi, idonsa ya cika da ƙwalla.

Darasi: Kar ka zaɓi kayan aiki don sunansa ko don manya na amfani da shi. Ka gwada shi da aikinka mafi wuya, a kan abin da in ya lalace ba a yi asara ba, kuma ka saurari wanda ya daɗe a kan aikin ko da bai san kalmomin da ka sani ba. Ilimi alheri ne, amma in girman kai ya shige shi, kayan mutane ne ke shan wahala. Ku tura wa duk wani mai sana'a da ke shirin sauya na'ura, ku kuma tura wa autan gidanku, ko da zai yi fushi.