Igiyar Sarki da Makarar Aro

An ce wani sarki ne, mai son a ce ya iya tsari, ya ga ƙauyukansa sun watsu kamar an zubar da gero. Sai ya sa aka haɗa su biyar-biyar, kowane gungu da rumbun tsimi guda, don ranar yunwa. Da rani aka yi awon, da igiya, sarki na kan doki yana nuni da bulala. Waziri ya ce, "Allah ya ja zamaninka, a tambayi mazauna mana." Sarki ya ce igiya ba ta ƙarya. Ya kuma yi doka: duk maigarin da ya ba ɗan wani gungu hatsi, a bakin rawaninsa.

Damina ta yi tsakiya, abinci ya ƙare a gidaje, sarki ya fita zagaya don ya sha yabo. A Unguwar Kanya ya tarar da wani tsoho mai haƙa kabari, Jatau, yana wanke makara.

Sarki ya ce, "Tsoho, ina rumbunku?"

Jatau ya nuna ƙetaren kogi, ruwa ya cika yana tumbatsa. Ya ce, "Ya sarki, ga shi can, kusa da ido, nesa da baki."

"To wane gari ya fi kusa da ku?"

"Da rani ko da damina?"

Sarki ya tsuke fuska. "Ƙasa tafiya take yi?"

"Ƙasa ba ta tafiya, ya sarki, ruwa ne ke zuwa. Igiyarka ta tsallake kogin yana yashi. Mu kuwa ga mu da ƙafa."

Waziri ya sunkuyar da kai.

Sarki ya ce, "Makarar nan fa?"

"Ta Dutsen Maje ce, can bayan tudu. Tun kakanni makara ɗaya gare mu da su, kasuwa ɗaya, ungozoma ɗaya. Sau uku na aro ta a watan nan, duk yunwa ce ta kashe su, ta ukun jikata ce, Tasalla. Maigarinsu yana kuka ya miƙo mini ita, ga rumbu cike a bayansa. Ya sarki, dokarka ta hana shi ba mu hatsi, ba ta hana shi ba mu makara ba."

Wayyo! Sarkin da ya fito shan yabo, sai ga shi ya kasa haɗa ido da mai haƙa kabari. Kunya ta rufe shi, har ya ji rawanin ya yi masa nauyi. Ya sauko daga doki, ya aika a buɗe rumbun Dutsen Maje nan take. Sa'an nan ya kama gefe ɗaya na makarar, ya ce shi zai taya Jatau mayar da ita, a ƙasa, ya ga hanyar da idonsa.

Da suka hau tudun yana haki, ya juyo ya ce wa waziri, "A sake rabon, a bi sawun mutane. Adalci ba a auna shi da igiya, sai da ƙafar wanda zai yi tafiyar."