Bulon da Gavin Ya Jefa

Akwai wani mutum a layinmu nan Ingila, Gavin. Shi dai kada ya ga gemu ko hijabi, yanzu zai kira 'yan sandan yaƙi da ta'addanci.

Ranar da maƙwabcinsu Musulmi, tsoho Warsame, ya rasu, Gavin ya leƙo taga. Ya ga farar mota, ya ga maza na shiga da dogon akwati. Ko tambaya bai yi ba fa! Ya ɗauki hoto ya watsa: "Makamai a layinmu!"

'Yan sanda suka zo da bindigogi, suka kifa masu makoki a ƙasa. Suka buɗe akwatin. Na gawa ne. Suka fice sum-sum.

Amma hoton ya riga ya zaga gari.

Mahaifiyar Gavin kuwa, Maureen, ta bi ta ƙofar baya ta je gaisuwa. Da ta ga duk matan kansu a rufe, ta ce, "Ku ara mini gyale, kada in zauna kamar bare." Suka yafa mata baƙin gyale.

Can sai ihu. Samari sun cika layi da kwalabe da sanduna, Gavin a gaba. Tagogi suka tarwatse, aka cinna wa motar wuta.

"Ku fito, 'yan bam!"

Maureen ta miƙe. "Muryar sakaran ɗana ce. Bari in ja kunnensa."

Liban, ɗan mamacin, ya ce, "Inna, kada ki fita!"

Ina! Ta buɗe ƙofa. Gavin gyale kawai ya gani. Ya ɗaga bulo ya jefa.

Ta faɗi, jini na malala a dakali.

"Na samu ɗaya!" in ji shi, har da tsalle.

Liban ya fito cikin ruwan kwalabe ya rufe ta da jikinsa. Ya zare gyalen ya danne raunin. Farin gashinta ya bayyana.

"Mama?" in ji Gavin.

Abokan nasa kowa ya cika wandonsa da iska.

Liban ya daka masa tsawa: "Kai, kama ƙafafunta! Tsayawa kallo za ka yi?"

Gawar ubansa na ciki tana jira, amma sai da ya kai Maureen asibiti.

Ta rayu, idon hagu ya tafi. Da aka sallame ta Gavin ya zo ɗaukarta. Ta dube shi da ɗayan idon.

"Ka ce ka samu ɗaya. Da wata ce, da har yanzu murna kake."

Liban ne ya mai da ita gida.

Darasi: Wanda ya tsani mutane don shigarsu, ba ya ganin wanda yake jifa. Ku tambaya kafin ku watsa. Ku tura wa wasu, don Allah.