Kasa da Akayau

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, mun gyara zama.

Kasa ce, macijiyar nan mai nauyin jiki da mugun dafi. Wata rana tana kwance cikin ganye, amininta Kwaɗo ya taka ta bai sani ba, ta sare shi kafin ta duba. Kafin la'asar an binne shi. Kwana bakwai ko ɓera ta kasa haɗiya.

Ta je wurin Kunkuru ta ce, "Baba, ba na son in ƙara kashe kowa. Yaya za a san ina kwance?"

Ya ɗaura mata akayau irin na 'yan rawa a wutsiya. "In kin ji tafiya ki kaɗa, 'yata. Kowa zai kauce."

Washegari ta ji takun Akuya, ta kaɗa, kacau-kacau.

Akuya ta tsaya. "Bikin wa ake yi ba a gayyace ni ba?" Ta kira Jaki da Tunkiya, suka faɗa ganyen da rawa.

Kasa ta ƙara kaɗawa don su gudu. Jaki ya ce, "Makaɗin nan gwani ne," ya dire mata kofato a ka.

Dafi ya cika mata baki. Ta tuna Kwaɗo, ta datse haƙora har dabbobin suka gaji da rawa suka watse.

Ta mayar wa Kunkuru kayansa. Ya dubi kanta da ya baje kamar faifai, ya ce, "Kin sari wani?"

"Ko ɗaya."

"To ai magani ya ci."

Shi ya sa har yau kan kasa a baje yake, kuma huci kawai take yi, don ba mai taka rawa da huci.

Ƙurunƙus kan kusu, shi ma ta bar shi ya wuce.