Manomin da Ya Raina Remaye

Akwai wani manomi mai gona a gangaren dutse. A ƙauyensu, kafin damina ta faɗi, akan yi gayya a gyara jeren duwatsun da ke riƙe ƙasar gonaki, yau a gonar wannan, gobe a ta wancan. Mutumin nan gwani ne, ya kuma san shi gwani ne. Abin da ya cuce shi ke nan.

Wata shekara ya ce ba zai je gayyar kowa ba, kada kowa ya zo tasa. Yayansa ya hau ya same shi a bukkar gona don ya ba shi baki.

Sai ya nuna rufin bukka ya ce, "Yaya, dubi gizo-gizon nan. Daga cikinsa yake zaro zare ya saƙa ɗakinsa, bai kira kowa ba. Ku kuwa kun zama remaye, 'yan dabbobin nan na cikin duwatsu, sai cunkushewa a kogo ɗaya."

Yayan ya ce, "Ƙanena, remaye ba su da ƙarfi, kuma sun sani. Shi ya sa in suna kiwo ɗayansu yakan hau dutse yana tsaro, in ya hango gaggafa ya yi kuka duk su shige. Wa yake yi wa gizo-gizo tsaro?"

Bai ji ba. Ya yi aikinsa shi kaɗai, ya kuwa yi kyau. Amma akwai wani babban dutse da ya goce daga gindin jeren, wanda sai mutum huɗu suke iya mayar da shi. Ya cusa ƙanana a gurbinsa, bai faɗa wa kowa ba.

Dawa ta kai gwiwa, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Jeren ya rushe daga daidai wurin nan. Ƙasar da mahaifinsu ya shekara yana tarawa da kwando ta gangara, ta binne gonar yayansa da ke ƙasa. Manomin ya tsaya a kan dutsen da ruwa ya kwashe wa ƙasa yana kuka, yana cewa, "Kaito, da na kira mutum uku!"

Ma'anar wannan misali ita ce, gizo-gizo shi ne mai dogara ga abin da ya fito daga cikinsa. Remaye su ne masu bi da suka san rauninsu, suka fake cikin Ubangiji, suna tsaron juna. Dukanmu muna da nauyin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, kunya da girman kai ne suke sa mu ɓoye shi. 'Yan'uwa, ranar da abin da ka ɓoye zai rushe, ba kai kaɗai zai danne ba, har da wanda ya fi ƙaunarka.