Rijiyar Masu Dogon Wuya

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta!

To a matso kusa, kai Ɗanliti bar mintsinin ƙanwarka.

An yi wani fari a garin dabbobi, tafki ya ƙafe ƙaf. Sarki Raƙumi ya kira gayya a haƙa rijiya. Su wa suka iya haƙa? Masu farce mana. Bushiya da Gafiya da Kurege suka shiga rami suna tono, ƙasa na zubo musu a ido. Masu dogon wuya kuwa suna inuwa, aikinsu bai wuce "sannunku da ƙoƙari" ba.

Ran da ruwa ya ɓulɓulo, sai Zalɓe, wazirin sarki, ya gyara murya. Mugu ne na ƙarshe, amma akwai daɗin baki. Ya ce, "Ranka ya daɗe, guga fitina ne. Na wani babba, na wani ƙarami. Don a yi adalci, a hana guga. Kowa ya sa baki ya sha."

Aka yi ta tafi. Har Bushiya ta rangaɗa guɗa, baiwar Allah.

Da ta kawo ɗanta tilo shan ruwa, suka leƙa, ruwa na can ƙasa yana ƙyalli. Raƙumi ya zura wuya ya sha. Jimina ta zura ta sha. Bushiya da ɗanta suka koma gida da ƙishinsu.

Ta tafi fada ta faɗi ta yi gaisuwa. "Ranka ya daɗe, bakinmu ba ya kaiwa."

Zalɓe ya ce, "Wani ya tare ki?"

"A'a."

"To doka ɗaya ce ga kowa."

Kashegari ta koma, ɗan na biye da ita. "Ranka ya daɗe, harshen yaron nan ya bushe."

Zalɓe ya ce, "Ni kin gan ni da guga? Ku ƙara ƙoƙari. Doka ɗaya ce ga kowa."

Rana ta uku ta sake zuwa. "Ba guga nake roƙo ba. Ko ganye a bar ni in zura ya jiƙo."

Zalɓe ya ce, "Yau ganye, gobe ƙwarya, jibi guga. So kike a fifita ki a kan jama'a?"

Ashe yaron ya riƙe maganar nan ta a ƙara ƙoƙari. Uwar na can fada, ya lallaɓa bakin rijiya. Ya miƙa wuya, bai kai ba. Ya ƙara miƙawa, bai kai ba. Ya ƙara. Tsundum!

Zalɓe ne ya sa baki ya tsamo gawar, ko gumi bai yi ba. Ya yar da ita gaban jama'a, ya ce, "Kun gani ko? Sun ɓata mana ruwa. Ƙazamai ne, shi ya sa ba sa ci gaba." Nan take aka kafa sabuwar doka: mai gajeren wuya kada ya ƙara kusantar rijiya.

Ba wanda ya yi wa Bushiya gaisuwa. Ta dunƙule a kan ɗanta, duk gashin jikinta ya miƙe ya zama ƙaya. Har yau idan ta ji tafiyar wani, dunƙulewa take yi. Zalɓe kuwa yana nan bakin ruwa, fari tas, ba abin da ya same shi. Wannan ne ke ƙona min rai.

Yarana, idan kuka ji an ce doka ɗaya ce ga kowa, kada ku yi saurin tafi. Ku duba wuyan wanda ya kafa ta tukuna.

Ƙurunƙus kan mugun zalɓe!