Kurege da Matsakaicin Tsire

Ku matso kusa, ga wata nan tafe da jela.

Wata shekara yunwa ta matsa wa Kurege har budurwarsa ta ce tana ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa. Sai ya haɗa tabarau na kara, ya naɗa rawanin ganyen ayaba, ya shiga daji yana kirari: "Ni ne Malamin Ƙididdiga! Na ƙirga taurari, na gano biyu sun ɓata!"

Ya tarar da Kura riƙe da tsire goma. Ya ce, "Yaya Kura, cin da ba lissafi shi ya gajarta miki ƙafafun baya. Kawo in lissafa mana." Ta miƙa, ya lamushe duka.

"Malam, ina nawa?"

"Jimla goma. Raba gida biyu, biyar. Wannan shi ne matsakaici. A matsakaici kin ci biyar, yi gyatsa!"

Kura ta tafi tana neman gyatsa, ta ƙi zuwa.

Da gari ya waye, ya tare Ɓauna da buhun gyaɗa. "Baba Ɓauna, mu fara jin abin da ke ƙosar da mai rai." Ya bi layin tururuwa yana tambaya, kowace ta ce ƙwaya ɗaya. Ɓauna ya ce buhu.

"Amsar da ta fi maimaituwa ita ce mafi-yawa. Ungo ƙwayarka." Ya ja buhu ya yi gaba.

Da gari ya waye, sai ga Giwa da tukunyar zuma. Kurege ya ce, "Ranki ya daɗe, mu jeru daga ƙarami zuwa babba. Na tsakiya shi ne tsaka-tsaki, shi zai sha a madadin kowa." Ya ajiye tururuwa a hagu, Giwa a dama, shi ya tsaya a tsakiya, ya faɗa tukunya.

Rawani ya maƙale a zuma, tabarau ya karye. Kura na wucewa ta ce, "Au, ashe Kurege ne!" Ta cafke shi, ta zuba masa tsumagiya goma.

"Wayyo Yaya, goma fa!"

"Kai goma, ni babu. A matsakaici biyar-biyar muka sha, Malam. Ni ma bayana zafi yake."

Ya suɓuce da ƙyar, bai tsaya ba sai ramin budurwarsa. Ta ga bayansa, ta dafe ƙirji. "Wa ya yi maka haka?"

"Kwantar da hankalinki, rabi na Kura ne. Lashi jelata, zuma na kawo miki."

Ƙurunƙus, kan ɓawon gyaɗa.